Mabuɗin Rumbun Baffa

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baffana ya riga mu komawa. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara tara. Ya faɗi a ƙofar gida yana dawowa daga sallar azahar, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Bayan la'asar muka kai shi. Yau an wuce arba'in, har yanzu ban iya zama wuri ɗaya. In na buɗe shago sai in rufe, in na rufe sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki a lungunmu na unguwar Wambai a Suleja, ina sauraren abin da mutane ke faɗa a kansa. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikata suka ce mutum ne mai haƙuri. Saura kaɗan in yi dariya a bainar jama'a. Liman ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wannan kam gaskiya ne, don Baffa ba ya buƙatar murya, da kallo ta saman tabarau yake yanka mutum. Wani ɗan haya Bakano, cikin masu fita aiki Abuja kullum, ya shafa addu'a ya ce, "Allah sarki, tsohon nan mai wasa da kwamfuta." Wasa. Na haɗiye.

Wadda ta fi kowa kuka ba ma 'yar dangi ba ce. Sista ce, mai kula da wani ƙaramin asibiti a Garam, Kirista, 'yar kudancin Kaduna. Ta aro mayafi ta yafa a karkace, ta shige cikin mata tana cewa, "Wayyo Babana! Ka bar mu da wa?" Matan gida sai kallon juna suke, wace ce wannan kuma? Har gwaggonmu, ƙanwar Baffa, ta ja ni gefe ta ce, "Kai, faɗa min gaskiya tun ba a zo rabon gado ba. Ko Malam ya yi wata ajiya ne a Garam ba mu sani ba?"

Shi ya sa nake wannan rubutu. Sun binne mutum sun dawo suna yabon wani daban. Ni ba marubuci ba ne. A aji uku na sakandare na ajiye boko, gyaran waya nake yi, kuma an shaide ni da rashin iya magana. Amma na san Baffa, na san aikinsa, na san kuma abin da ya bar mu a ciki.

Akawu ne mai buga tafireta. Da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfuta, tsaransa suka tsorata, wasu suka nemi canjin ofis. Shi kuwa sai ya daina fita cin abincin rana, ya zauna yana latse-latse har abin ya bi hannunsa. Da ya yi ritaya sai ya koma sayen tsofaffin littattafan koyon rubuta manhaja a bakin titi, yana karantawa a zaure kamar mai bitar fiƙihu. Muna ganin ya rasa abin yi ne.

'Yata ta fari ƙyanda ce ta ɗauke ta. Damina ce, ruwa ya shiga ɗakin da muke haya a Bagama, katin rigakafinta ya jiƙe ya zama kamar kunu. Uwarta ta ce ai an yi mata duka alluran. Ni ma na ce tunda ta ce an yi, an yi. Ashe saura ɗaya. Kowa ya zo ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Baffa ma ya zo. Ya zauna kusa da ni har aka watse, sannan ya ce, "Ina katin?" Na miƙa masa abin da ya rage. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya sa a aljihu ya tafi.

Shekara biyu yana abu ɗaya a zaure. Abin da ya fito shi ne wata 'yar manhaja da ake sa wa a wayar asibiti. A rubuta sunan yaro, sunan uwarsa, unguwarsu, allurar da aka yi masa da ranar ta gaba. Ba ta buƙatar sabis. Kullum da safe sai ta fito da sunayen waɗanda ranarsu ta zo, waɗanda suka tsallake kuma ta nuna su da ja. Ke nan. Ba ado, ba hoto. Asibitin Sista ne ya fara karɓa, daga baya wasu ƙanana suka biyo, a nan Suleja da ƙauyukan gefe.

Bai ɓoye ta ba. Ya ɗora rubutunta kaf a intanet, a wurin da masu irin wannan aiki ke ajiye nasu a fili. 'Yan jami'a suna ce wa wurin ripo. Baffa ya ce rumbu, mu ma muka bi shi. Ƙa'idar rumbun ita ce kowa na iya shiga ya karanta, kowa na iya kwafa ya tafi da ita kyauta, kowa na iya yin gyara ya miƙo. Amma shigar da gyaran cikin ainihin aikin, wannan sai mai mabuɗi. Mai mabuɗi kuwa mutum ɗaya ne a duniya, yana zaune a zaure a Wambai da tabarau a kan hanci.

Duk duniya a sikirin ake duba gyara. Ban da Baffa. In ka miƙo naka, sai ya buga shi a takarda da wata tsohuwar firinta mai kukan injin markaɗe. Kafin ya karanta ko harafi ɗaya, sai ya rubuta Bisimilla da hannunsa a saman kowane shafi. Haka yake wa duk takardar da ta shigo hannunsa, ko katin ɗaurin aure ne. Sannan ya ɗauko jan biro. In kana garin nan, sai ya aika a kira ka, ka tanƙwashe ƙafa a gabansa.

"Karanta min da baki," in ji shi.

"Baffa, ai ka gani a rubuce."

"Na ga abin da ka rubuta. Abin da ka fahimta nake son ji."

Layi-layi za ka karanta, kana faɗin abin da kowane zai yi. Inda ka yi in'ina, nan jan biro zai sauka. In kuma mai gyaran ba a ƙasar yake ba, sai Baffa ya karanta da kansa da ƙarfi a madadinsa, ya yi masa tambaya, ya ba da amsa, ya ce bai gamsu ba. Akwai wani, Ba'indiye nake zato, da ya gaji da jira ya rubuto yana tambaya ko aikin yana da rai. Baffa ya ce, "Rubuta masa aikin yana da rai. Mai shi ne yake cin tuwo."

Yadda ya jawo ni ciki, shagona ya zo. Ya zauna a benci yana kallona ina liƙa wani zaren waya siriri kamar gashi a jikin allon cikin wata wayar. Da na gama ya ce, "Hannun da ya iya wannan zai iya wancan."

Na ce, "Baffa, Turancina bai kai ba."

"Kwamfuta ba Turanci take ji ba, umurni take ji. Kai kuwa ka iya ba da umurni, na ji ka da matarka."

Ina da shekara arba'in na koma ɗalibi. Gyarana na farko ƙarami ne: na ƙara girman rubutu, don ma'aikatan asibiti ba sa gani sosai in suna aiki a rana. Sau huɗu ya dawo min da shi. Na biyar shiru. Wata ranar Laraba ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga shi da lema, ya ƙunshe laftof a leda a hammata. Ya buɗe a kan teburina, ya juyo min da ita, ya ɗora yatsa a kan jerin sunayen waɗanda aka karɓi aikinsu. Turawa, Ba'indiyen nan, wata daga Kenya, sai ni. Ni da aka kora daga jarrabawa sau biyu.

"Ga ka nan," ya ce. "Kada ka ɓata min suna." Sai kuma, "Babu shayi a shagon nan?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma da ya tafi sai da na saki labulen shago na share hawaye.

To amma bari in faɗi ɗaya gefen, tunda masu ta'aziyya sun ƙi faɗa. Baffa yana da taurin kai, kuma bai yarda da kowa ba. Yana da dalilinsa. Can baya ya taɓa ba wani mai digiri mabuɗi, shi kuwa ya shigar da gyara ba gwaji, ranakun allurar wani asibiti suka hargitse. Baffa da kansa ya je ya yi mako guda yana daidaita su da littafin rajista. Daga ranar ya karɓe mabuɗi, ya rantse. Laifin mutum ɗaya, mu duka muka biya har ya mutu.

Faɗanmu a kan sababbin wayoyi ne. Ni ke ganin wayoyin gari, na san abin da ke shigowa kasuwa. Manhajar Baffa ba ta buɗewa a sababbi, da ka taɓa sai ta rufe. Wayoyin asibitocin kuwa duk sun tsufa, batir ya kumbura, sikirin ya tsage. Na yi gyaran da zai sa ta buɗe a sababbi. Na miƙa. Ya dawo da shi. Na sake. Sau shida. Ranar na shida na tsaya a tsaye a zaure, ban zauna ba.

"Baffa, ka ba ni mabuɗi. Shekara nawa ina aikin nan? Ka tsufa. In wani abu ya same ka fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka fara yi min lissafin kwana ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Hannunka ya fi kanka sauri. Ran da suka daidaita zan ba ka."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To ai ƙa'ida ta ba ni dama. Sai in kwafi aikin in buɗe nawa rumbun, in sa gyarana, wanda ya ga dama ya bi ni."

Ya ajiye biro. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Mace ta yi wa ɗanta allura biyu a Bagama, mijinta ya tashi ya koma Garam. A can naka suke amfani da shi, a nan nawa. In ba su karanta juna ba, yaron na wa ne? In ka raba aikin nan gida biyu, ban yafe ba. Ka ji ni?"

Uban da ya riƙe ni ne. Na ce, "Na ji." Na sa takalmina na fita.

Wata biyu, ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Na yi gyara na bakwai, na miƙa ta intanet ban je ba. An ce ya buga shi a takarda. Ko ya karanta, ko ya gamsu, Allah kaɗai Ya sani. A makon ya faɗi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce yana da albishir. A Abuja yake aiki, mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla.

"Alhamdu lillahi, na sauke wa Baba nauyi," ya ce. "Wayarsa da laftof ɗinsa na kai an goge su tas. Malamai suna ta faɗa, duk hoton da mamaci ya bari, duk waƙa, duk abin da za a ci gaba da kallo, alhakin yana bin sa kabari."

Mutane suka ce madalla, Allah Ya yi albarka, ɗa na gari ke nan. Ni kuwa sai na matso kusa da shi.

"Yaya, wa ka kai wa?"

"Wani a kasuwa. Na ga kai ba kwa shiri da shi kwanan nan, ban so in tayar maka da hankali."

"Hoton me? Waƙar me? Baffa da ko ƙarar kira bai yarda a sa masa mai kiɗa ba!"

"Kai, rage murya. Gidan makoki ne."

Mabuɗin rumbu ba ƙarfe ba ne. Kalmar sirri ce da ke cikin kan Baffa, da wata lamba da wayarsa kaɗai ke fitarwa, da wani hatimi da ke cikin laftof. Kai yana kabari, waya da laftof an wanke. Saura abu ɗaya. Akwai lambobin ko-ta-kwana da ake ba mai rumbu saboda irin wannan rana, na kuma san Baffa ya buga su a takarda, don ni na sa masa tawada a firinta ranar. Na miƙe ko takalmi ban sa ba na faɗa zaure. Kwalayen takardunsa guda biyar suna nan a jere. Babu komai a ciki.

Gwaggo ta leƙo. "Me kake nema kamar wanda ya yar da allura?"

"Takardun Baffa."

"Au, waɗannan? Ai duk da Bisimilla a kansu, ɗaya bayan ɗaya na duba. So kake awaki su ci, ko a ƙulle ƙosai da sunan Allah? Jiya muka ƙona, muka binne tokar a gindin mangwaro. Da alwala ma muka yi."

Abin da ke cina ke nan har yau. Da ɓarawo ne ya shigo, da na san wanda zan tsine wa. Amma duk wanda ya sa hannu a wannan ɓarna, son Baffa ne ya sa shi, da tsoron Allah. Shi kansa Baffan, da hannunsa ya rubuta abin da ya sa aka ƙona takardar. Wa zan kama?

Na rubuta wa masu kula da shafin da rumbun yake. Suka amsa cikin ladabi, suka yi min ta'aziyya, suka ce ba su da yadda za su tabbatar ni wane ne a wurinsa. Ban ga laifinsu ba. Rumbun yana nan, kowa na gani, gyarana na bakwai yana rataye a bakin ƙofa yana jiran mutumin da ba zai dawo ba. A ƙarƙashinsa baƙi suna ta rubuta ta'aziyya da Turanci. Ba'indiyen nan ya rubuta, sannan ya tambaya, yanzu wa zai karɓi aiki?

Mako biyu da rasuwa, wayar asibitin Sista ta mutu. Sau biyu na taɓa tayar da ita, wannan karon allon cikinta ne ya ƙone. Sunayen yaran suna nan a cikin memori, ba abin da ya same su, amma manhajar kaɗai ke iya karanta su, ita kuma ta ƙi buɗewa a sabuwar wayar da suka samu. Na zaga Suleja neman tsohuwar waya irin waccan. Na sami biyu, ɗaya ba ta caji, ɗaya ta yi kwana uku ta bi 'yar'uwarta.

Sista ta kira. Ta sake kira. Ran nan sai ga ta a shago, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Malam, ka ce kana da gyaran?"

"Ina da shi."

"Yana aiki?"

"A wayata yana yi."

"To mene ne wahalan?"

Na yi mata bayanin alkawari. Ta saurara har na gama.

"Abeg, Malam, ni ban san maganan gidanku ba. Yara na sani. Iyayen nan rabinsu sun yar da kati, don mun ce masu komai yana cikin waya. Mu muka ce masu! Yanzu mace ta zo ta ce Sista yaushe zan kawo shi, in ce mata me? In ce Baba bai yafe ba?"

Ta tafi.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In fito daga gida in nufi shago, in tsinci kaina a hanyar maƙabarta. In tsaya daga bakin katanga in juyo. In buɗe laftof, in kai hannu kan wurin da ake dannawa a kwafi rumbu, dannawa ɗaya ce tak, in ɗauke hannu. Matata ta ce na fara magana ni kaɗai a kan abinci. Mutumin da ya ciyar da ni, ya yi min aure, ya sa sunana cikin mutane, maganarsa ta ƙarshe mai nauyi a kaina ita ce ban yafe ba. Da yana da rai sai in saɓa, in dawo in durƙusa. Mamaci fa, ta ina ake ba shi haƙuri? A ɗaya gefen kuma na san abin da allura ɗaya da aka tsallake take yi. Ba labari aka ba ni ba.

Wata safiya na shiga wurin Inna, matar Baffa, wadda ta goya ni tare da nata. Tana takaba, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki tana tsintar wake. Ita ko kiran waya sai an danna mata. Na gaishe ta na zauna.

"Ɗan nan, ka rame," ta ce. "Yunwa ce ko rashin gaskiya?"

Na kwashe komai na faɗa mata, yadda za ta gane. Na ce rumbu ne a kulle, mabuɗi ya ɓata, abin da yara ke buƙata yana hannuna, amma Baffa ya ce in na buɗe wani bai yafe ba. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da fitar da tsakuwa tana jefawa a murfin kwano.

"Shekara arba'in da shida na zauna da Malam," ta ce. "Mabuɗin siton abinci bai taɓa kwana a hannuna ba. Kullum da safe shi zai buɗe, ya auna, ya kulle. Ba rowa ba ce, Allah Ya sani, shi dai gani yake in ba shi ya yi abu ba, ba a yi ba. Wata shekara aka tura shi kwas Kaduna, ya tafi da mabuɗin a aljihu, ya manta. Kuna ƙanana, ku bakwai har da kai. Kwana ɗaya na jira. Na biyu na ɗauko taɓarya."

"Inna, kika fasa?"

"Kwaɗon da ƙofar gaba ɗaya. Ya dawo ya gani. Ya ce bai yafe ba."

Na zuba mata ido.

"Kwana uku bai yi min magana ba. Amma tuwon da aka tuƙa da garin, bai bar ko loma ba." Ta kaɗe zaninta. "Malam ya iya faɗin wannan kalma. Ya faɗa wa mai gyaran rediyo ma. Kai ne dai ka ɗauke ta ka ɗora a ka kana yawo da ita, 'ya'yan mutane suna can."

"Inna, yanzu ba ya nan balle ya huce."

Sai a sannan ta ɗago. Idonta ya yi ja.

"Ni ina nan. Tashi ka je ka fasa. In akwai alhaki a rubuta a kaina, ni na san yadda nake da shi."

Ban koma gida ba. Daga nan shago na wuce, na danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba aikin Baffa na shekaru ya dawo ƙarƙashin sunana. A saman shafin farko na rubuta da Hausa da kuma Turancina mai ɗingishi: Wannan aikin Baffana ne. Ya rasu. Nasa rumbun yana nan a rufe, daga nan za a ci gaba. Na shigar da gyarana da hannuna, ba wanda ya ce in karanta. Ban ji daɗin da na yi shekaru ina zaton zan ji ba. Na gaya wa kaina gida biyu ba su samu ba, tunda ɗayan ba zai ƙara motsi ba. Wani lokaci na yarda da wannan, wani lokaci ban yarda ba.

Washegari na hau mashin zuwa Garam. Asibitin ɗaki uku ne da baranda, mata suna zaune a benci da goyo. Na sa memori a sabuwar waya, na ɗora manhajar, na miƙa wa Sista. Ta taɓa. Manhajar ta buɗe. Jan rubutu ya cika sikirin, ta ja sama, ja, ta sake ja, ja.

"Yesu," ta ce a hankali. Sai ta fara karanta sunayen da ƙarfi, wata ma'aikaciya tana rubutawa a takarda don a bi su gida-gida. Wata mata a benci ta ji sunan ɗanta ta ce, "Ga shi nan a bayana!" Ba wanda ya ce min sannu. Ba wanda ya ambaci Baffa. Na tsaya a gefe kamar mai jiran canji.

Da ta sami sarari na ce, "Sista, kawo wayarki. Taki ta kanki."

"Me za ka yi da ita?"

Na buɗe mata suna a shafin, na sa ta zaɓi kalmar sirrinta ina kallon bango. Sannan na shiga sabon rumbun na ba ta iko daidai da nawa. Za ta iya karɓar gyara, ta shigar, ta cire, ta ba wanda ta ga dama mabuɗi.

"Wannan mabuɗi ne," na ce. "Irin wanda aka binne da Baffa."

Ta ja da baya. "A'a, Malam! Ni allura na sani. Ban iya ko layi ɗaya na abin nan naku ba."

"Ba sai kin iya ba. Ke dai kada ki mutu rana ɗaya da ni."

"Allah Ya kiyaye! Ji mugun baki!" Ta fizge wayarta, ta cusa can cikin aljihun farar rigarta, ta dafe da hannu. Sai ta juya ta ƙwala wa matan baranda kira su shigo da ɗai-ɗai.

Allah, ga Baffa nan ya zo Maka. Ka san taurin kansa, Ka san kuma yaran da suke tafiya da ƙafarsu a garin nan saboda zaman da ya yi a zaure. Ka auna masa da na biyun. Ka yalwata masa kabari, Ka sa ya huta. Ni kuma na saɓa masa, da sanina, kuma gobe ma akwai asibiti huɗu da zan zaga. In har yanzu bai yafe ba, Ka sa baki.